Akwati Ɗaya A Madadin Makaɗa Biyar: Yadda Fiyano Ya Shiga Dandalin Girkawa

A wannan wata za mu yi tattaki da ku zuwa ƙasar Girka da ke kudu maso gabashin Turai, domin mu duba wata gardama da ta daɗe tana gudana tsakanin makaɗansu. Gardamar kuwa a kan fiyano ce, watau akwatin nan na lantarki mai fararen maɓallai da baƙaƙe, wanda mu ma muka saba gani a gidajen biki na unguwanninmu. Girkawa suna kiransa armoniyo.

A ranar 15 ga watan Agusta na kowace shekara ƙauyukan Girka kan cika maƙil. Ranar ce Kiristocin ɗariƙar Orthodox ke tunawa da rasuwar Maryamu mahaifiyar Annabi Isa, kuma lokacin ne 'yan ci-rani ke komawa gida, wasu daga Atina babban birnin ƙasar, wasu daga Jamus, Amurka ko Ostareliya. Bayan an fito daga coci sai a jera tebura a dandalin ƙauye, a gasa nama, makaɗa su zauna, a kama rawa hannu cikin hannu har gari ya waye. Irin wannan taro shi ake kira panigiri. Kusan kowane ƙauye yana da nasa, a ranar waliyyin da aka raɗa wa cocinsu sunansa.

A zamanin kakanninsu, wanda ya je panigiri zai iske makaɗa huɗu ko biyar, kowa riƙe da abin kiɗansa na katako da fata da tsirkiya. Yau kuwa a wurare da yawa abin da zai gani shi ne mai busa ɗaya da mawaƙi a gaba, manyan lasifikoki dama da hagu, sa'an nan wani mutum a baya tsaye gaban fiyano. Daga cikin wannan akwati ne ganga ke fitowa, molo ya fito, goge ya fito. Idan kuɗin masu biki bai kai ba, har muryar mai busar ma daga ciki za ta fito.

Su wane ne ke zaune a dandalin a da?

Kafin mu shiga gardamar ya kamata mai karatu ya san kayan kiɗan da ake magana a kansu, don Girka ba kiɗa ɗaya gare ta ba.

A yankin ƙasar da ke haɗe da nahiyar Turai, sarkin kiɗa shi ne kilarino, wani abin busa na baƙin katako mai ramuka da 'yan ƙarafa. A kan haɗa shi da biyoli, watau gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, da lawuto, wani babban molo mai dogon wuya da ƙaton ciki wanda aikinsa shi ne riƙe bugu da yi wa mai busa shimfiɗa. Akwai santuri, akwati mai faɗi da aka jera wa tsirkiyoyi kimanin 100, ana dukansu da 'yan sanduna biyu masu auduga a baki. Sai defi, ɗan ƙaramin bandiri. Wannan haɗi shi suke kira kompaniya. Kafin zuwansa, abin da ake ji a dandali shi ne zurna, 'yar'uwar algaitarmu, tare da dawuli, babbar ganga mai fuska biyu.

A tsibirai kuwa labarin daban ne. Mutanen tsibirin Kirit suna alfahari da lira, wani ɗan goge mai tsirkiya uku da ake ɗorawa a gwiwa, ana taɓa tsirkiyar daga gefe da farce maimakon a danne ta da yatsa. Da ita marigayi Nikos Xylouris, wanda ya rasu a 1980, ya fara yin suna. A wasu tsibiran akwai tsabuna, salkar fatar akuya da ake hura wa iska tana fitar da sauti ta wasu 'yan bututu.

A birni sai buzuki, molo mai siririn wuya da tsirkiyoyin ƙarfe jere bibbiyu. Bayan yaƙin Girka da Turkiyya da ƙonewar birnin Smyrna a 1922, da musayar jama'a da ƙasashen biyu suka yi a 1923, Kiristoci fiye da miliyan ɗaya suka baro Turkiyya suka zauna a Girka. Sun zo da kayan kiɗansu da salon waƙarsu na gabas. A unguwannin talakawa na Atina da tashar jiragen ruwa ta Piraeus wannan salo ya gamu da buzuki, kiɗan da ake kira rebetiko ya bunƙasa, mutane irin su Markos Vamvakaris suka fara naɗar faya-fayai da buzuki a shekarun 1930.

Yadda akwatin ya shigo

Fiyano bai faɗo dandalin Girkawa rana ɗaya ba. Tun a shekarun 1960 aka fara jin wata ƙaramar molon-iska ta lantarki ƙirar kamfanin Farfisa na Italiya a cikin waƙoƙin birni, kuma sunan Vassilis Vassiliadis ne aka fi dangantawa da wannan salo. Amma muryar Farfisa muryarta ce ta kanta, siririya mai kaifi, ba wanda zai ji ta ya ɗauka kilarino ne.

Haka ma aikin Vangelis, Bagirken da ya yi suna a duniya da kiɗan lantarki har ya sami lambar Oscar a 1982. A 1979 ya fitar da wani kundi mai suna Odes tare da 'yar wasan nan Irene Papas, inda ta rera tsofaffin waƙoƙin gargajiya shi kuma ya raka ta da injunansa. Ya ɗauki waƙar kaka da kakanni ya sa mata sabuwar riga, kowa kuma ya san sabuwar riga ce.

Abin da ya sauya al'amari shi ne ci gaban da aka samu a shekarun 1980. A 1983 kamfanonin Japan da na Amurka suka amince da wani tsari mai suna MIDI, wanda ya ba injunan kiɗa damar fahimtar juna ko da ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. A 1988 kamfanin Korg ya fito da fiyano mai suna M1, wanda aka zuba wa muryoyin kayan kiɗa na gaske da aka naɗa aka adana a cikinsa. Watau idan ka danna maɓalli, abin da za ka ji shi ne guntun sautin wani makaɗi da ya taɓa zama a situdiyo ya kaɗa.

A 1991 aka fitar da jerin muryoyi 128 da ake son kowane fiyano na gama-gari ya ƙunsa. A ciki akwai sita ta Indiya, da koto da shamisen na Japan, da kalimba ta Afirka, akwai kuma kilarino irin na makaɗan Turai. Babu buzuki, babu lira, babu lawuto, kamar yadda babu goge, babu kukuma. Wannan giɓi ne ya buɗe wa masu fasaha na cikin gida kasuwa. Sai su ɗauki mai buzuki su kai shi situdiyo, ya kaɗa kowace murya ɗaya bayan ɗaya, a hankali da kuma da ƙarfi, su yanyanka, su jera a kan maɓallai, su sayar wa masu fiyano. Da a faifan kwamfuta ake yawo da su, yanzu a filashi ko ta intanet.

Daɗin daɗawa, aka fito da irin fiyanon da ke raka kansa. Makaɗi zai danna maɓallai biyu ko uku da hannun hagu, injin ya saki ganga da molo da duk sauran shimfiɗar kiɗa a kan bugun da aka zaɓa, hannun dama kuma ya ja waƙa. Kamfanonin Italiya irin su Ketron da Generalmusic, da na Japan irin su Korg, Roland da Yamaha, duk sun shiga wannan kasuwa. Bugun rawar Girkawa ba irin na Turawan yamma ba ne. Kalamatiyanos bugu bakwai ne, uku da biyu da biyu. Zeibekiko, rawar da namiji ke yi shi kaɗai, bugu tara ne. Tsamikos uku ne masu nauyi. Duk an tsara su an zuba a cikin akwatin.

Muryoyin da ba su da maɓalli

Sai dai akwai wata matsala da masu ƙera fiyano suka daɗe suna fama da ita. Idan mai karatu ya ƙirga maɓallan fiyano daga wata murya zuwa takwararta ta sama, zai sami 12, farare bakwai baƙaƙe biyar, kuma tazarar da ke tsakanin kowane biyu daidai wa daida take. Haka Turawan yamma suka raba sauti. Kiɗan gabashin Bahar Rum kuwa yana amfani da muryoyin da ke faɗawa tsakanin maɓalli da maɓalli.

Misali mafi sauƙi yana cikin waƙar cocin Girkawa, wadda ake rerawa da baki kawai. Wani kwamitin masana da fadar shugaban cocin da ke Istanbul ta kafa a 1881 ya raba wannan tazara kashi 72. A wannan lissafi, daga maɓallin fiyano zuwa na kusa da shi kashi 6 ne, tsallake ɗaya kuma kashi 12. To, amma a cikin waƙar akwai taku mai kashi 10, akwai mai kashi 8. Waɗannan biyu ba su da gida a kan fiyano. Mai biyoli ko mai lira yakan same su ta hanyar gusar da yatsa kaɗan, mai kilarino kuma da leɓensa da rufe rabin rami.

Makaɗan Girka suna kiran hanyoyin da waƙa ke bi dromi, watau hanyoyi, kuma sunayensu kaɗai sun isa su nuna asalinsu: Hijaz, Ussak, Rast, Sabah. Buzuki yana da 'yan ƙarafa da aka gitta a wuyansa bisa lissafin Turawa, saboda haka shi tun tuni ya daidaita waɗannan hanyoyi da matakai 12. Shi ya sa kwaikwayonsa ya fi sauƙi. Kilarino da biyoli da lira kuwa ba su yarda da wannan iyaka ba.

Dabarar da kamfanoni suka fito da ita ita ce fiyano na musamman don kasuwar Larabawa, Turkawa, Iraniyawa da Girkawa, kamar jerin PSR-A na Yamaha da wasu daga cikin jerin Pa na Korg. An ƙara musu wasu 'yan maɓallai 12 a gefe. Idan makaɗi ya taɓa ɗaya, sai muryar da ta dace da shi ta sauka da rabin taku a duk faɗin fiyanon, yana kuma iya ƙara ko rage saukar yadda kunnensa ya so. Sa'an nan akwai wani ɗan sanda ko ƙaramar taya a hagu da ake turawa don a lanƙwasa murya ta zame sama ko ƙasa. Da wannan ne gwanin fiyano ke kwaikwayon kukan kilarino, yana zamewa daga murya zuwa murya ba tare da ya yanke ba.

Kwaikwayon yana da iyaka. Mai buzuki yakan karkaɗa tsirkiya da sauri don ya tsawaita murya, yana ƙara gudu ko ragewa gwargwadon zafin waƙar. Karkaɗawar da aka naɗa a inji kuwa gudunta ɗaya ne kullum. Mai kilarino yana iya fara murya da raɗa, ya kumbura ta, ya shaƙe ta, ya sake ta, duk a cikin numfashi ɗaya. Sababbin injuna sun matso kusa ƙwarai, musamman idan an ƙara amsa-kuwwa an buɗe lasifika, har mutumin da ke tebur na ƙarshe ba zai iya bambancewa ba. Wanda ke rawa a gaba shi ne ke ganewa, kuma ga dalili.

Mai rawa da mai busa

A yankin Epirus da ke arewa maso yammacin ƙasar, kan iyaka da Albaniya, a kan buɗe panigiri da miroloi, watau busar makoki ta tunawa da mamata da waɗanda suka yi nisa da gida. Ba ta da bugu, mai kilarino ne ke jan ta yadda zuciyarsa ta ba shi. Waƙoƙin yankin da yawa a kan muryoyi biyar aka gina su, irin ginin da kunnen Bahaushe ya saba da shi a kiɗan gurmi da garaya. Daga wannan yanki ne Petroloukas Chalkias ya fito, wanda aka haifa a 1934 cikin gidan mabusa, ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi girmamawa a wannan sana'a.

Idan aka shiga rawa, dangi ne ke fitowa layi layi, kowane gida da lokacinsa. Wanda ke kan gaba shi ya nemi waƙar, shi zai biya. Mai kilarino yakan taso ya matso kusa da shi, wani lokaci har ya kai bakin abin busar kusa da kunnensa, yana kallon ƙafarsa. Idan dattijo ne mai nauyin jiki sai a ja kiɗan a hankali. Idan ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, mai busa ya riƙe muryar, mai lawuto da mai defi su jira, sai ya sauke ƙafar kowa ya sauka tare da shi. Shi kuma ya ciro kuɗi ya liƙa wa mai busa a goshi ko ya watsa a gaban makaɗa. Suna kiran wannan kuɗi hartura, daga kalmarsu ta takarda. Mu liƙi muke cewa.

Injin da ke raka kansa ba ya kallon ƙafar kowa. Idan an saita shi a kan gudu kaza, a haka zai tafi har a kashe shi. Gwanin fiyano yana iya kashe rakiyar ya bi mai rawa da hannunsa, wasu kuma suna yi. Amma sauƙin da aka saye akwatin dominsa shi ne ya riƙe bugu da kansa, saboda haka a wurare da yawa yanzu mai rawa ne ke bin inji.

Wa ya fara rasa kujerarsa?

Maganar kuɗi ita ce gindin al'amarin. Ƙungiyar ƙauye da ke shirya panigiri, ko uban da ke aurar da 'yarsa, ko mai gidan abinci da ke son kiɗa ranar Asabar, kowa lissafi yake yi. Makaɗa biyar suna bukatar ladan mutum biyar, abincin mutum biyar da motar da za ta ɗauke su. Mai fiyano da mawaƙi mutum biyu ne. Da ƙasar ta faɗa matsalar bashi har ta nemi ceto daga Tarayyar Turai da Asusun Ba Da Lamuni na Duniya a 2010, rashin aikin yi ya haura kashi 27 cikin ɗari a 2013, wannan lissafi ya ƙara tsanani. A damina ta 2020 kuma annobar korona ta sa hukuma ta hana bukukuwan ƙauye, makaɗa suka zauna a gida a lokacin da suka saba tara abin da za su ci shekara.

Abin lura shi ne ba mai kilarino ko mai lira ne ya fara rasa aiki ba. Sunansa ake rubutawa a takardar talla, shi jama'a ke zuwa gani. Waɗanda akwatin ya fara tayarwa su ne na baya: mai santuri, mai lawuto, mai defi. Ga wanda ke kallo daga nesa wannan ƙaramar asara ce, tunda sarkin kiɗan yana nan.

Amma fa a waɗannan kujeru na baya ake koyon sana'ar. A Girka, kamar a wurinmu, kiɗan biki gado ne a gidaje da yawa, kuma da dama daga cikin gidajen mabusa na ƙabilar Roma ne. Yaro yakan fara bin mahaifinsa ko kawunsa yana riƙe da defi. Shekara da shekaru yana zaune a baya, yana jin waƙoƙi ɗaruruwa, yana koyon wace waƙa ce ta wane ƙauye, wane gida ne ke son a ja kiɗa, yaushe ake shiga yaushe ake yin shiru. Sai kunnensa ya nuna kafin a miƙa masa abin busa. Idan fiyano ya ɗauke aikin defi da na lawuto, yaron ba shi da dalilin hawa motar zuwa biki. Ba za a ga illar a wannan shekara ba. Za a gan ta ne ranar da babban mabushi ya tsufa aka waiwaya ba a sami wanda ya zauna a bayansa ba.

Abin da masu kare fiyano ke cewa

Adalci ne mu ji ta bakin ɗaya ɓangaren, don hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa shi kansa kilarinon da ake kuka dominsa baƙo ne. Turawa suka ƙera shi, a ƙarni na 19 ya bazu a ƙauyukan Girka, ya kuma ture zurna da sarewar makiyaya daga dandali da yawa. Haka biyoli ya ture lira a yawancin tsibirai, sai a Kirit da Karpathos da 'yan wasu wurare ta tsira.

Buzuki ma, wanda yau duniya ke ɗauka tambarin Girka, an daɗe ana kallonsa a matsayin kayan 'yan tasha da 'yan gidan yari. Gwamnatin Ioannis Metaxas da ta hau a 1936 ta sa wa waƙoƙin rebetiko takunkumin tacewa. Sai da mawaƙi mai ilimi Manos Hadjidakis ya tsaya a gaban jama'a a 1949 ya yi lacca yana kare wannan kiɗa kafin manyan gari suka fara sauraronsa da mutunci. A shekarun 1950 Manolis Chiotis ya yaɗa buzuki mai jeri huɗu na tsirkiya a maimakon uku, ya kuma haɗa shi da lantarki, masu ra'ayin riƙau suka ce ya ɓata shi. Yau irin nasa aka fi kaɗawa, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa rebetiko cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Har ila yau suna cewa kaɗa fiyano irin na panigiri ba aikin rago ba ne. Dole mutum ya san dromi, ya san waƙoƙin kowane yanki, ya iya taksimi, watau jan kiɗa da ka ba tare da bugu ba kafin a shiga waƙa. Kana akwai ƙauyukan da matasa suka watse suka bar tsofaffi, da Girkawan da ke zaune a wasu garuruwan ƙetare inda babu mai santuri ko da za a biya shi nawa. A irin waɗannan wurare, in ba don akwatin ba da an yi biki shiru ko an kunna faifai. Ko a coci, inda ba a shiga da kayan kiɗa, wasu ƙananan majami'u da ba su da isassun mawaƙa suna amfani da wata 'yar na'ura da ke riƙe doguwar muryar ƙasa wadda a da mutane ne ke riƙe wa mai rerawa, kuma a can ma ana gardama a kai.

Duk wannan gaskiya ne. Bambanci ɗaya muke gani. Da kilarino ya ture zurna, mutum ne mai numfashi ya karɓi wurin mutum mai numfashi, ya kuma ƙirƙiro sabon salo da bakinsa. Muryar lira da ke cikin fiyano kuwa daga hannun wani mai lira aka ɗauko ta. Akwatin yana iya maimaita abin da aka zuba masa, amma sai da wanda ya iya kaɗa na ainihin za a sami abin zubawa.

Matakin da Girkawa suka ɗauka

Ba wanda ya kafa dokar hana fiyano, kuma da an kafa da ba ta yi aiki ba. Abin da ya taimaki Girka shi ne aikin da wasu mutane suka fara tun kafin akwatin ya iso. Simon Karas ya kafa ƙungiyar yaɗa kiɗan ƙasa a 1929, ya shafe rayuwarsa yana zagaya ƙauyuka yana rubutawa da naɗar waƙoƙi. Ɗalibarsa Domna Samiou, wadda ta rasu a 2012, ta ci gaba da wannan aiki, ta kai makaɗan ƙauye gidan rediyo da talabijin. Masani Fivos Anoyanakis ya tara kayan kiɗa kimanin 1,200, waɗanda aka buɗe wa gidan tarihi a unguwar Plaka ta Atina a 1991.

Mataki mafi tasiri shi ne na makaranta. A 1988 gwamnati ta buɗe makarantar sakandare ta kiɗa ta farko a Pallini kusa da Atina, daga baya aka buɗe gommai irinta a faɗin ƙasar. Ɗalibi yana karatun boko kamar kowa, amma yana koyon fiyano na katako irin na Turawa, yana kuma koyon tambura, wani tsohon molo na gargajiya wanda ake iya gusar da gaɓoɓin wuyansa don a sami muryoyin nan da ba su da maɓalli. Bayan haka ya zaɓi wani abin kiɗan da yake so. A tsibirin Kirit kuma, Ross Daly, wani makaɗi ɗan asalin Ireland da ya zauna a can ya ƙware a lira, yana da cibiyar koyarwa mai suna Labyrinth a ƙauyen Houdetsi, inda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashe da dama.

Sakamakon shi ne yau akwai samari da 'yan mata 'yan birni da ke kaɗa santuri, lawuto da tsabuna, kayan da a wani lokaci aka ɗauka sun kusa ƙarewa. Matasa kan yi tururuwa zuwa tsibirin Ikariya don panigirin da biyoli ke jagoranta. Makaranta ba ta maye gurbin zaman bayan uba a dandali ba, kuma fiyano yana nan daram a bukukuwa da gidajen rawa. Amma mai biki a Girka yana da zaɓi, don masu kaɗa na ainihin suna nan.

Mu fa?

Mai karatu ya riga ya gane abin da ya sa muka kawo wannan labari. A Nijar, tun a 1978 Mamman Sani ya naɗi kundin waƙoƙin ƙasar da wata molon-iska ta lantarki ƙirar Italiya. Daga tsakiyar shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, kiɗan finafinan Hausa ya tashi a kansa, daga can ya bazu har zangonninmu. Yau yaro ɗaya da fiyano da janareta yana ɗauke bikin da a da sai an kira masu kalangu da mai goge.

Mu da muke zaune nesa da ƙasar Hausa abin ya fi shafarmu, don makaɗanmu na gargajiya tun asali ba su da yawa. A wata unguwar mai goge ɗaya ne, a wata mai algaita ɗaya. Mun ga yadda biram, abin kiɗan Buduma na tafkin Chadi mai tsirkiya biyar, ya kusa ɓacewa, har sai da Malam Mamman Barka na Nijar ya je ya zauna wurin tsohon da ya rage ya koya. Shi ma ya rasu a 2018.

Ba mu ce a kori mai fiyano ba, shi ma ɗanmu ne, abincinsa yake nema. Shawararmu ga ƙungiyoyin unguwa da iyayen biki ita ce, idan an ware kuɗin kiɗa a ware na mai kalangu ko mai goge ko da na sa'a ɗaya ne, a kuma bar shi ya zo da yaronsa. Wanda ke da waya mai ɗaukar hoto ya je ya naɗi tsohon makaɗin unguwarsu, ya tambaye shi sunan kowane take da wanda ya koya masa, ya rubuta. Makarantunmu na al'umma da ke koyar da Hausa ranar Asabar suna iya gayyatarsa ya zauna da yara sau ɗaya a wata.

Wanda ya san wani makaɗin gargajiya a garinsu da ya kamata a ji labarinsa, ya rubuto mana ta adireshin wannan mujalla. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.